Kawu Ellis Yana Gaisuwa

Ƙarfen guga yana kan kwalar rigar da Marcella za ta sa zuwa coci sa'ad da mahaifinta ya yi wa matacciya barka da ranar haihuwa.

Muryar ta fito daga wayarta da ke jingine a jikin gwangwanin sukari, mai kauri da santsi kamar kullum. "Mutanen Dayton, Kawu Ellis ne naku. A rage wutar kofi, a buɗe kunne. Yau Mama Odessa ta ƙara shekara. Mama Odessa, idan kika cinye kek ɗin dankalin nan ba ki ajiye mini ba, sai fasto ya raba mu!" Ya yi dariyarsa, ya saki waƙa.

Marcella ta ɗaga ƙarfen a hankali. Tun watan Afrilu aka binne Mama Odessa, ga shi yanzu har ganyen itatuwa ya soma zuba. Ita ba ta samu zuwa jana'izar ba, furanni ta aika. Amma gidan marigayiyar yana kallon na mahaifinta, kuma matar ce ta riƙe su, ita da ƙaninta Terrence, lokacin da uwarsu ta rasu. Ko duk garin ya manta, ta yaya shi zai manta?

Ellis Rutledge ba mai mantuwa ba ne. A yarintar Marcella shi ne wanzamin nan mai surutu na wani wasan barkwanci na talabijin, kuma sau ɗaya yake karanta rubutun wasan ya hardace nasa da na abokan aikinsa. Da aka daina wasan, ya koma sa faifai a rediyo, inda ya faro. Tun da Marcella ta tare a Columbus, shirinsa na safiyar Lahadi ya zama mata ziyara. Tana guga yana magana, ta ji yana nan lafiya, ta gode wa Allah, ta tafi coci.

Ta kira Terrence a Atlanta.

"Yaya, tsufa ne kawai," in ji shi, bakinsa cike da abinci. "Ke ma ba kwanan nan kika yi ta neman tabaranki yana bisa kanki ba?"

"Yaushe rabonka da jin muryarsa?"

"Lahadin da ta wuce mana."

"A waya nake nufi, sarkin wayo."

Ya daina tauna. "Ai ba ya ɗauka. Sai dai ya turo saƙo, wai yana wurin aiki. Kin san Baba da son a ce yana da abin yi."

Ita ma saƙon da take samu ke nan. Ta kashe ƙarfen gugar, ta ɗauki makullin mota.

* * *

A hanyar Dayton ta bar shirin a kunne, amma wannan karon kalmominsa take bi, ba daɗin muryar ba. Ruwa yake zuba tun daga bakin gari, ga mutumin da a da yake rigima da gajimare kamar maƙwabcinsa bai ce uffan a kai ba. Ta yi ta lalube a ranta, yaushe rabon da ta ji ya ambaci sanyi ko zafi? Ta kasa tunawa.

Gidan rediyon ɗakuna ne kaɗan a saman wani shagon tayoyi. Mace guda ta tarar, mai furfura, tana cin burodi da gyaɗar shafawa a gaban na'ura. Ta cikin gilashi Marcella ta hango ɗakin watsa shiri. Fitila a kashe, kujera a ture, makirufo an rufe shi da leda. Daga lasifikar bango kuwa mahaifinta yana ta zolayar masu makara zuwa coci.

"Ke ce Marcella," in ji matar tana karkaɗe hannu. "Goshin nan nasa ne. Ni ce Gwen. Yaya tsohon nawa? Ya samu masu yi masa girki, ya manta da mu."

"Wajenki na zo tambaya. Ba shi ne ke magana ba?"

Gwen ta dube ta, ta dubi lasifikar. "'Yar nan, ai an daɗe da daina shiri kai tsaye a nan. Tun da masu gidan suka sallami ma'aikata, mai gabatarwa yakan zo ya ɗauki maganganunsa a jere, na'ura ta riƙa saka su tsakanin waƙoƙi. Wasu na mako suke ɗauka. Babanki ya zo a watan Janairu da kwalbar zumarsa, ya yi ta zuwa har ya ɗauki na shekara guda. Ranar haihuwar kowa a kansa take, ko takarda bai riƙe ba. Abu ɗaya na hana shi, kada ya taɓa maganar yanayi."

"Daga nan fa?"

"Daga nan ban sake ganinsa ba. Ni na ɗauka yana wajenki."

"Mama Odessa ta rasu," in ji Marcella. "Yau ya gaishe ta."

Gwen ta ajiye burodin. "Ya Ubangiji. Ni ban ma saurara ba. Idan muryar tana fita, aikina ya yi."

* * *

A barandar gidan mahaifinta akwai kwanon roba irin wanda matan coci suke rabawa marasa ƙarfi, ruwa ya jiƙa murfinsa. Makullin yana inda ya saba zama, ƙarƙashin tukunyar furen da ya bushe. Marcella ta yi gajeriyar addu'a kafin ta murɗa.

Tsohon yana zaune a kujerar gefen taga, sanye da riga mai kwala, maɓallanta a karkace. Ya rame. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar na aro, gefen bakinsa ya zazzago. A kan teburin da ke kusa da shi rediyo tana magana da muryarsa.

"Baba."

Ya ɗago. Ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito, a niƙe, da ƙyar. "Kin... yi ƙiba."

Dariya da kuka suka kama ta tare. Ta durƙusa ta riƙe hannun da ba ya motsi. "Tun yaushe?"

"Maris."

Sannu a hankali ta tsinci labarin. Mama Odessa ce ta same shi a ƙasa, ta kira motar asibiti. Ita ce ta yi ta kawo masa miya bayan an sallame shi, ya kuma sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta taga ya ga an fita da gawarta.

"Me ya sa ka ɓoye mana? Mu fa 'ya'yanka ne."

Ya nuna bakinsa da hannun hagu, ya girgiza kai. Sannan ya nuna rediyon. "Waccan... ce tawa."

"Da ka ɗauki waya sau ɗaya, Baba, da mun zo."

Ya dube ta da idon nan na wanzamin talabijin, mai shirin zolaya, sai dai babu dariya a cikinsa. "Na ce... bari in ga... wa zai lura." Ya huta. "Odessa... ta kawo ki."

Marcella ta soma gyara masa maɓallan, ɗaya bayan ɗaya.

Wayarta ta yi ƙara. Terrence ne, ana jin hayaniyar fitowa daga coci a bayansa. "Yaya mai bincike, kin same shi? Ba ni shi mu gaisa."

Ta miƙa wa mahaifinta. Ya karɓa da hannun hagu, ya ƙura wa sunan ɗansa ido, leɓɓansa suna motsi ba sauti. Sai ya kwantar da wayar a jikin rediyon. Shirin ya zo ƙarshe, muryar ta cika ɗakin, garau.

"Kai da kake saurare, ka ji ni lafiya lau, ko? To, a gaida gida. Kawu Ellis yana nan inda kuka bar shi."

Dariyar Terrence ta fito daga wayar. "Baba ke nan, ba ka canzawa! Yaya, ban gaya miki ba?"

Marcella ta zaro hankici daga jakarta, ta goge yawun da ya gangaro a gefen bakin mahaifinta.