Ranar da Aka Amsa wa Baba Sallama

Baba ba ya zama. Tun da tsufa ya fara taɓa masa kai, ƙafarsa ta daina sanin hutu. Sai in ɗora gyaɗa a kasko, in juya baya in ɗauko muciya, kafin in waiwayo tabarma ta zama wayam, sandar ma babu. In fito ina gyara ɗaurin zani, ina tambayar mutanen Tudun Kaya ko sun ga Baba, kowa kuma hanya ɗaya yake nuna mini, hanyar dam.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan nan. Ina ƙarama aka tashe mu, lokacin da aka datse kogin Challawa, abin da kawai nake tunawa shi ne kukar ƙofar gidanmu da akuyar da ta yi ta ihu a bayan mota. Can aka binne kakata Inna, mahaifiyar Baba. Amma shi a kansa Inna tana nan da ranta, ta dama fura tana jiran autanta.

'Yan acaɓa ne suka fi ba ni haushi. Su gan shi yana takawa da sanda, su tsaya, “Baba, ina zuwa?” Ya ce, “Gida.” Su ɗauke shi kyauta, wai suna neman lada. Na yi faɗa da su har muryata ta dushe. Can wajen la'asar sai ga shi ya dawo, ya zauna, sai in na matsa masa ya ce, “Ba kowa a gidan, Zuwaira.”

To wannan sunan da yake kira shi ya riƙe ni. Baba ya manta kowa. Yaya Muntaka, babban ɗansa, “bawan Allah” yake ce masa. Jikokinsa kuwa ɗauka yake 'ya'yan maƙwabta ne sun shigo neman ƙuli-ƙuli. Ni kaɗai ce sunana bai ɓace masa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin har da 'yar fariya. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ni ce wankinsa, ni ce tuwonsa, ni ce bin sawunsa. Ni kuwa nasa sunan ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Akwai wani yaro a layinmu mai irin sunan, Mai-sunan-Baba nake ce masa ko da zagin sa zan yi.

Bayan an cire gyaɗa Yaya Muntaka ya zo daga Kano da 'yarsa Nuriyya, wadda take jami'a. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya zaro wani ƙaton kwaɗo daga aljihu ya ajiye a gabana.

“Na mene ne wannan, Yaya?”

“Na ɗakin Baba. Ki riƙa rufewa ta waje, sai lokacin salla da abinci.”

“Haba Yaya! Ubanmu ne fa, ba tunkiya ba.”

“In ya faɗa ruwa fa? Ke za ki fito da shi? Kullum sai an kira ni a waya an ce an gan shi a bakin dam. Ni hankalina ya gaji da tashi.”

Tsoron da yake ji ni ma shi nake kwana da shi. Amma na san Baba. Mutumin da ko a gona ba ya iya zama a inuwa, in aka rufe shi a ɗaki ba zai ga damina ba.

Nuriyya ce ta ba ni hanya ba ta sani ba. Ta ce ita dama gobe take so babanta ya zaga da ita, tana ɗaukar bidiyon wuraren tarihi da na shaƙatawa na yankinmu, wai mutane suna ta zuwa ƙasashen waje kallo alhali ga abin kallo a bayan gidansu. Na ce to a tafi da Baba. A kai shi bakin dam da rana tsaka, dukkanmu muna tsaye, ya gani da idonsa cewa ruwa ne kawai, ko Allah zai sa ya haƙura.

Yaya ya ce, “Na yarda. Amma in ya sake fita bayan gobe, kwaɗo.”

Da safe muka ɗau hanya a motarsa. Muka fara da cikin Karaye, wajen ragowar tsohuwar ganuwa. Ni dai tudun jar ƙasa nake gani da awaki a kai, amma Nuriyya ta ɗaga waya ta kama zuba, “Masu kallo, ku dubi abin da kakanninmu suka gina da hannu!” Yarinyar akwai baki, Allah ya ba ta. Baba ko saukowa bai yi ba. Yana zaune a gaba yana buga sanda a ƙasan mota, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

“Bawan Allah, rana tana yi. Ka kai ni ko in sauka.”

“Yanzu, Baba.”

“Tun ɗazu kake cewa yanzu.”

Daga nan muka nausa ɓangaren Rogo, inda wasu duwatsu suke a gefen hanya. Sau nawa na wuce su in za ni biki Zoza, ban taɓa ɗaga kai ba. Nuriyya ta ja hannuna wai sai na hau. Na hau ina haki ina tsine wa gwiwata, amma da na kai sama, kai, sai na manta da gwiwar. Ga dawa ta sunkuyar da kai har iya ganinka, ga tarin harawa a kan bishiyoyi, ga farar garken shanu tana gangarawa fadama da wata mace a bayansu ɗauke da ƙwarya. Ashe haka ƙasarmu take da kyau, mu muna ciki muna ta neman abin miya.

Ban gama kallo ba na hango farar hula a kan titi, tana tafiya. Baba ne. Yaya ya tsaya amsa waya, shi kuwa ya buɗe ƙofa ya kama gabansa. Yadda na sauko daga dutsen nan Allah kaɗai ya sani. Muka tare shi da mota, ya shiga yana faɗa, wai mun mai da shi yaro. Yaya ya dube ni ta madubi, na kau da kai.

Sai bayan azahar muka isa dam. Ruwan ya cika maƙil, ba ka ganin ƙarshensa, iska tana kaɗa shi yana walƙiya. Ga fararen tsuntsaye, ga kwale-kwalen masunta a jere, ga wasu 'yan birni sun shimfiɗa darduma suna ɗaukar hoto. Baba yana sauka ya nutsu. Sandar nan da yake ta bugawa tun safe ta tsaya cak.

Na ce, “Baba, ka gani ko? Ruwa ne. Babu gida a nan.”

Ko kallona bai yi ba.

Nuriyya ta dage sai ta shiga kwale-kwale ta ɗauko ruwan daga ciki. Yaya ya ce ba za ta shiga ita kaɗai ba, ya tattare babbar riga ya bi ta, yana ta “Bismillahi” kamar wanda zai tsallaka teku. Suka ɗan matsa daga gaɓa. Ni kuma na zaunar da Baba a gindin wata bishiya, na taka wajen mai suyar kifi, don tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba.

Matar ta leƙa bayana ta ce, “A'a, yau Malam da rakiya ya zo? Ke 'yarsa ce?”

“Ni ce. Kin san shi?”

“Wa bai san shi ba a nan? Ni Sadiƙa ai har kifi nake ba shi, ba ya karɓa. Zuwa yake ya tsaya a bakin ruwa ya yi sallama. Ya jira. Ya sake. In ya yi ta uku ba a amsa ba, sai ya juya ya tafi abinsa. Mutum ne mai ladabi, ba ya shiga gida ba izini.” Ta juya kifi a mai. “Shi ya sa muka hana kowa amsawa. Har yara mun ja musu kunne. Da nauyi, wallahi, Musulmi ya yi sallama ka yi gum, amma ya za mu yi?”

Na waiwaya, babu kowa a gindin bishiya.

Yana can tsaye daf da ruwa, ya gyara hularsa.

“Salamu alaikum!”

Na saki kifin na fara gudu. Tsakaninmu da nisa, ga yashi yana riƙe ƙafa.

“Salamu alaikum! Inna, ni ne!”

Na ga kan Yaya ya ɗago daga cikin kwale-kwale. Na ɗaga hannu ina kaɗawa, ina ihu kada ya yi, iska ta kwashe muryata. Mai tuƙin ma na ga ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ina! Mutumin da tun yana yaro Baba yake zane shi in ya ji sallama ya yi shiru.

“Salamu alaikum!”

“Wa alaikumus salamu wa rahmatullah!” in ji Yaya, da muryarsa mai kauri, daga tsakiyar ruwa.

Innalillahi. Baba ya yi wani murmushi da rabon da in gan shi tun muna yara. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya jera su a gefe, ya jingina sandar a kansu. Sannan ya sa ƙafar dama.

Kafin in iso ruwa ya kai masa gwiwa. Na faɗa da zanina na cafko hannunsa, ya fizge. Tsohon da nake ɗagawa in zai tashi daga tabarma, ranar ƙarfin saurayi ne a jikinsa.

“Baba! Baba, ni ce Zuwaira! Ka tsaya!”

“Sake ni, an amsa mini.”

Ruwa ya kai ƙugu. Ƙasan wurin santsi ne da laka, kuma na ji yadda yake gangarawa. Nuriyya tana ta kururuwa, Yaya ya diro daga kwale-kwale da babbar rigarsa yana ta dambe da ruwa, amma ya yi nisa. Na sake riƙo rigar Baba, ta yage a hannuna. Ruwa ya kai masa ƙirji, yana ta cewa, “Ga ni nan, Inna, ga ni nan.”

Ban san lokacin da abin ya fito daga bakina ba. Na tsaya a bayansa, na buɗe murya irin ta tsofaffin mata in suna kiran yaro daga wasa.

“Sulle!”

Ya tsaya.

“Sulle! Ina za ka? Ga ni nan a bayanka, ɗan nema! Fito ka sha furarka tun ba ta tsinke ba!”

Duk bakin dam aka juyo ana kallona. Ni da kaina na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, sunan ubana gatsal a bakina, a gaban mutane, a gaban Yaya. Baba ya juyo a hankali. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

“Inna? Ashe kina nan? Na yi ta zuwa ba kya amsawa.”

Na ce, “Na je unguwa ne. Zo mu tafi.”

Ya miƙo mini hannu kamar yaro, na ja shi muka fito. Yaya ya iso gaɓa yana tari, ya zube a yashi ya kama kuka, gardi da gemunsa. Ban rarrashe shi ba, ni ma nawa ya ishe ni. Sadiƙa ce ta ɗauko takalman ta sa wa Baba.

A hanyar komawa Baba ya yi barci a kafaɗata. Washegari Yaya ya koma Kano. Kwaɗon yana nan a kan taga inda ya bar shi, har ya fara tsatsa. Nuriyya ta sa bidiyonta a intanet, ganuwa da duwatsu da ruwa, an ce mutane sun yi ta yabawa suna tambayar hanyar zuwa. Wurin Baba ta yanke shi, Allah ya yi mata albarka.

Tun daga ranar Baba bai sake kama hanyar dam ba. Da safe zai fito daga ɗakinsa, ya zo ƙofar nawa ya tuɓe takalmi ya yi sallama, ni kuma ko me nake yi sai in saki in amsa tun a ta farko. In ce, “Shigo, Sulle.” Har yau sai na runtse ido nake iya faɗa. Ya shigo ya zauna, in dama masa fura, ya sha ya yi ta ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. 'Yan acaɓa har tsiya suke mini, wai na kashe musu hanyar lada.

Amma bai sake kiran sunana ba. Na yi ta jira, na ce ko in ya farka daga barci, ko in na yi ɓarin wani abu ya yi mini faɗa irin na da. Shiru.

Shekaranjiya ina tuyar ƙuli-ƙuli yana zaune a gefena, sai na ga yana ta waige-waige, yana leƙa ɗaki, yana leƙa zaure. Na ce a raina ko tafiyar ce ta dawo.

“Me kake nema?”

“Inna,” ya ce, “ina Zuwairata ne? Yarinyar nan ta daɗe ba na ganinta. Ko wani ya ɓata mata rai?”

Na juya masa baya na gyara itace a murhu, na bar hayaƙi ya shiga idona.

Na ce, “Tana nan, ba ta yi nisa ba. Sha furarka.”