Ranar da Marvella Ta Hau Bakan St. Louis

A St. Louis aka haifi Marvella Hutchins, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta, amma ba ta taɓa hawa Baka ba, wato dogon ginin ƙarfen nan mai siffar baka da garin ya yi suna da shi. Tana yarinya aka gina shi a bakin kogin Mississippi, a kan idonta ƙafafunsa biyu na ƙarfe suka yi ta tashi har suka haɗe a sama. A wurinta abin baƙi ne, ɗan gari sai dai ya hango shi ta tagar bas.

Da ɗanta Dorian ya zo daga Seattle tare da matarsa Renata, ya ce yana son a zaga da Renata gari tunda ba ta taɓa zuwa ba, Marvella ba ta musa ba. Daɗi ma ta ji. Tun watannin baya da ta zame a matakalar ɗakin ƙasa, ta kwanta a can har sai da maƙwabciyarta Odessa ta jiyo kiranta, Dorian ba shi da wata magana a waya sai ta magani da likita. Ta ɗauka yau za a huta da wannan. Ta sa rigarta ta zuwa coci, sandar da likita ya ba ta kuwa ta bar ta a bayan ƙofa.

Gidan namun dajin Forest Park suka fara zuwa. Zafi ya sauko tun da hantsi, irin mai sa riga ta manne a baya. Renata tana ta murna da giwaye, amma Marvella ta lura ɗanta ba dabbobi yake ɗauka hoto ba, ita yake ɗauka. Daga nan suka tsaya shan askirim a titin Chippewa, inda babansa yake kai shi yana ƙarami. Da suka koma mota sai ya bar babbar hanya, ya bi da su ta gaban cocin da aka ɗaura aurenta, ya rage gudu a ƙofar asibitin da ta yi aikin wanki har ta yi ritaya. Ta tambaye shi ko tsohon asibiti ma ya shiga cikin wuraren kallo, ya yi dariya ya ce hanya ce ta biyo. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma ta haɗiye maganar.

Bayan azahar suka isa Baka. Ɗan akwatin da ke hawa da mutane bai fi cikin injin wanki girma ba, gwiwa tana gugar gwiwa, yana tafiya yana ƙara yana karkacewa. Marvella ta ƙanƙame jakarta har suka kai. A sama tagogin 'yan ƙanana ne, sai mutum ya kwanta da ciki kafin ya leƙa. Ta leƙa ta ga tsohuwar kotu mai koren kai ta koma kamar abin wasan yara, motoci kamar kiyashi. Ta fara laluben unguwarsu da ido, tana nuna wa surukarta jajayen gidajen bulo.

Renata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki more kallo, Mama. Can wajenmu ma akwai hasumiya, ta tagar ɗakinki ana hango ta."

"Ɗakin wa?"

Renata ta waiga ta kalli mijinta, shi kuma ya sunkuyar da kai. Wurin cike yake da mutane, yara suna ta guje-guje, Marvella kuwa ba mai faɗa a gaban jama'a ba ce. Ta miƙe ta gyara rigarta, ta ce a sauka.

Sai da suka fito kan ciyawa, kusa da matakalar da ke gangarawa kogi, ta tsaya ta ce ya faɗa mata gaskiya. Dorian ya yi ta kame-kame kafin ya fito fili. Ya yi magana da likitanta. Sun gyara mata ɗaki a gidansu, babu matakala ko ɗaya. Ranar Litinin wani mutum zai zo ya duba gidanta don a sa shi kasuwa. Ya so ya gaya mata da daddare, bayan ta ji daɗin yinin.

"Wato yawon bankwana ka kawo ni," in ji ta. "Kana ta ɗaukar hotona kamar wadda za a binne gobe."

"Mama, ranar da kika faɗi na yi ta kiran waya ba a ɗauka. Ina can ƙarshen duniya, ban san ko kina da rai ba. Ba zan iya sake ganin irin wannan rana ba."

"Ni na kwanta a kan simintin nan, Dorian, ba kai ba. Amma ka tambayi likita, ka tambayi matarka, ka tambayi mai sayar da gida, ni ce ba ka tambaya ba."

Renata ta fara ba da haƙuri. Marvella ta ce mata ba ta da laifi, ita ce ma mai gaskiya a cikinsu, ko da suɓutar baki ce. Ta ce kada wanda ya biyo ta, ta san hanyar gidanta.

Jirgin ƙasa na cikin gari ta shiga, daga nan ta hau bas. Fushi ne ya riƙe ta har ta sauka a bakin layinsu, a nan ya sake ta. Gwiwar da ta bugu ta fara suka, numfashinta ya yi sama. Tafiyar da take yi kullum ba ta ko lura ba, yau sai da ta tsaya ta dafa shingen gidan mutane. Da ta iso ƙofarta ta ɗaga ƙafa za ta hau baranda, ƙafar ta ƙi. Ta zauna a matakalar farko, gumi yana zuba. A can kusurwar layi ta hango motar hayar ɗanta a tsaye, yana ciki yana kallonta. Bai fito ba, ita ma ba ta yafuto shi ba. Da ta huta ta kama ƙarfen gefen matakala ta ja jiki ta shiga.

Ranar Litinin mai duba gida ya zo, ta sallame shi daga bakin ƙofa. Dorian da Renata suka koma Seattle ana 'yar gaisuwa sama-sama. Kiran wayar kullum ya koma na Lahadi, kowa yana taka-tsantsan da harshensa, kuma shirun ya fi mata ciwo a kan nacin da take ƙorafi a kai.

Da ganye ya fara zuba, wata rana jiri ya ɗebe ta a kicin, ta riƙe bakin tebur har ya wuce. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ita ta ɗauki waya ta kira Dorian. Ta ce za ta zo ta yi lokacin sanyi a wurinsu, sanyi kawai, kuma gida ba na sayarwa ba ne. Ya ce ya ji.

Jaka ɗaya ta haɗa, ta bar kayanta na zafi a rataye. Odessa ta karɓi mabuɗi, ta rako ta har bakin tasi tana tsokanarta, wai kada ta je ta samo wani tsoho mai furfura ta manta da su. Da mota za ta tashi Odessa ta ce, "To, sai kin dawo." Hannu kawai Marvella ta ɗaga mata.