Kifi a Firigon Allura

Zuwaira ta daɗe da gane cewa a ƙaramin gidan likitan nan na gefen tafkin Madarunfa, gaisuwa ba ta tsawo a banza. Idan abokin aiki ya wuce "ina kwana" har ya kai ga tambayar kakarta ta Safo, to leda ce ɓoye a bayansa.

Mabuɗin firigo a hannunta yake, firigon kananzir da ake ajiye allurar rigakafin yara. Ita kuwa baiwar Allah, bakinta bai iya "a'a" ba. Illo mai gadi ya kawo kifin tafki, Safiya ungozoma ta kawo fura, a buɗe a rufe, har allura ta koma baƙuwa a ɗakinta. Da zafin bazara ya tsananta firigo ya gaza, alluran da za a kai garin Gabi suka lalace. Majo Habibu, shugaban wurin, ya wanke ta tas a gaban kowa, ya ce in an kuma, a bakin aikinta. Masu kifi da fura babu wanda ya yi ko tari.

Tun ranar ta rataye mabuɗin a wuya, cikin riga, ta shiga zargin kowa. Safiya ta yaba zanenta, ita hannun Safiya take kallo. Illo ya share mata ƙofa, ta wuni tana jiran abin da zai biyo baya. Abin yana yi mata ciwo, don da can ta ɗauka son ta ake yi.

Ana gobe fita rigakafi, da la'asar, sai ga Majo da kansa, hannu ɗaya a baya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, ya gangara har Safo. Ƙarnin kifi ya riga shi shigowa.

"Zuwaira, ɗan wuri kaɗan, zuwa safe. Baƙi gare ni daga Maraɗi."

Gwada ta yake yi, ko da gaske ne? Ta duba fuskarsa, ba ta ga komai ba sai murmushin da kowa ke yi mata. "To" ta zo har bakinta.

Ta ciro mabuɗin daga wuya, ta ajiye a kan tebur.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni buɗewa. Ga shi, ka buɗe da hannunka. Sai in kira Safiya da Illo su shaida."

Ledar tana ɗiga a kan siminti. Majo ya dubi mabuɗin, ya dubi ƙofa, ya juya da kifinsa.

Da safe ta ɗauko alluran da sanyinsu. Majo ya wuce ta ko "ina kwana" babu. Zuwaira ta mayar da mabuɗin cikin riga, ta hau motar Gabi.