Randar da Koshe Ta Ba da Aro

Karo na biyu ke nan Koshe tana haɗa marisa tana ƙin tashi. Da safe ta ɗaga faifai ta kara kunne a bakin randa, ta ji shiru, babu ɗan tafasar nan da giyar dawa ke yi in ta kama. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Kunu ne kawai mai tsami, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha.

Ta zauna a kan dutsen niƙa ta bi aikin tun daga farko. Dawar tata ce, ja, daga rumbunta. Ita ta jiƙa ta, ta shimfiɗa a kan ganye ta lulluɓe har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa. Ƙullu ya yi tsami daidai yadda ake so, ta soya shi a kasko har ya yi ja yana ƙamshi. Ruwan na rijiyar da take ɗiba shekara ashirin ne. Muciya tata, mataci nata. A duk kayan aikin, abu ɗaya ne ya fita daga gidan ya dawo, shi ne randar.

Randar ta uwarta ce. Ranar da aka kawo Koshe gidan Tiya, maza biyu ne suka hau dutse da ita a cikin raga. Ba a taɓa wanke ta da wani abu ba sai ɗauraya, domin guggubin da ke kwance a gindinta shi ke tayar da sabon haɗi, kuma shi ne ya sa duk ƙauyukan da ke jikin dutsen nan ake gane marisar Koshe ko da ido a rufe. Mako uku da suka wuce surukin Totto ya rasu. Totto ƙanwar Tiya ce, ta zo da hawaye tana neman aron randa saboda masu zaman makoki, Koshe ta rasa bakin hanawa. Kwana huɗu aka yi alkawari, sai da randa ta yi tara. Ranar da ta dawo ma ba hannu da hannu aka ba ta ba, dawowa ta yi daga gona ta tarar an jingine ta a bakin ƙofa.

Yanzu ga dawa ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka, an riga an kira gayyar girbi nan da kwana shida. Mutum talatin za su zo, kuma a nan ba wanda ke sunkuyawa a gonar wani in babu marisa a gindin bishiya.

Tiya yana zaune a inuwar rumbu yana wasa lauje. Ta tsaya a kansa.

"Baban Kafi, randar nan ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

"Tambayi ƙanwarka."

Ya ajiye lauje ya bi ta ɗaki ba don yana so ba. Ya zagaya randar, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya nuna mata ɓallin da ke bakinta.

"Ba ga inda Kafi ya ɓalle yana ƙarami ba? Har dukansa kika yi."

"Wannan ɓalli ko ni zan iya yin sa da tsakuwa. Leƙa ciki ka gani. Yaushe cikin randata ya yi haske haka? Shinshina. Ina ƙamshin?"

Ya shinshina, ya ɗaga kai.

"Uwar mijin Totto tana da irinta sak," in ji Koshe, "hannu ɗaya ya gina su."

"Ke dai kina da neman magana. Totto me za ta yi da randarki? Ai tata marisar ma ba laifi yanzu. Shekaranjiya na biya ta gidansu, wadda ta ba ni har na ce ko ke kika..."

Ya katse maganar, amma ya riga ya makara. Koshe ta dube shi har ya koma kan laujensa. Totto da kowa ya sani, wadda marisarta in ba ta yi ruwa ba ta yi ɗaci, wadda mijinta Kunda ke satar jiki ya je shan ta maƙwabta, yau ita ce ta iya?

Da hantsi ta ɗaura zane ta gangara gidan Totto, da sunan matacinta ya yage tana neman aro.

"A'a, matarmu ce da hantsin nan? Yaya ya koro ki ne?"

"In ya koro ni ai gidanki zan tare, ki ciyar da ni."

Suka yi dariya, amma Koshe tana lura. Gaisuwar ta yi yawa. Totto ta tambayi Kafi sau biyu, ta tambayi awaki, ta tambayi ciwon gwiwar da ya warke tun damina. Ta shimfiɗa mata tabarma nesa da ɗakin girki, ita kuma ta ja kujera ta zauna daidai ƙofarsa. Da Koshe ta ce ƙishi take ji, Totto ta ce bari ta kawo ruwa.

"Ruwa? An ce kina da abin da ya fi ruwa."

Totto ta shiga, ta ja asabari a bayanta, ta fito da ƙwarya rabi. Koshe ta kurɓa ta riƙe a baki. Ga kaurin, ga ɗan zaƙin farko, ga wannan ɗaci-ɗacin da ke zuwa can bayan harshe. Marisarta ce. Ta uwarta ce. Ta haɗiye.

"Hannunki ya faɗa, Totto."

"Sa'a ce kawai, matar yaya."

"Wa ya kai mini randa ranar nan?"

"Kunda ne. Ya ce bai same ki ba."

"Kwana tara."

"Baƙi ne suka ƙi tafiya. Kin san danginsu na garin Kadugli, in sun zo sai sun ga gindin rumbu."

Tana magana tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Koshe ta ajiye ƙwarya ta yi sallama. Sai da ta kai rabin hawa ta tuna ba ta karɓi matacin ba, kuma Totto ba ta tuna mata ba.

Washegari ta aika aka kira Nalu, tsohuwar da ke ginin tukwane, wadda a hannun gwaggonta randar ta fito. Nalu ba ta gani sosai, da hannu take dubawa. Ta shafa wuyan randar, ta bi gindinta da tafi, ta daɗe tana lalube.

"Taki ce, 'yata. Ga inda gwaggo ke danna babban yatsa. Ta gidan su Kunda tana da ƙaramin wuya."

Koshe ta ji kamar an zare mata wani abu, don ta riga ta shirya faɗan sata. Amma Nalu ba ta gama ba. Ta zura hannu ciki har kafaɗa, ta fito da shi ta kai hanci.

"Wa ya hura wuta a cikinta?"

"Wuta?"

"An ƙona kara a ciki. An kuma kankare ta da dutse, ji yadda ta yi kaushi. Ni dai ban ce komai ba."

Bayan tafiyar tsohuwar Koshe ta kasa taɓa randar. Sata abu ne da ta sani, ana kai shi gaban manya a raba. Amma mace ta ari randar mace ta hura wuta a cikinta, sannan marisar wannan ta mutu ta waccan ta tashi, wannan wani abu ne daban. Ta tuna shekarar da Totto ta yi ɓari ta riƙa zuwa wurin wani mai magani a bayan dutse. Ta tuna wata rana a wurin biki da ake yabon marisarta, Totto ta tashi ta bar wurin. Abubuwan da ta manta shekara da shekaru suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabuwar fuska. Da rana Tiya ya ce a ba shi ruwa, ta tsaya tana tunanin ko shi ma ya sani.

Saura kwana huɗu gayya. Ba ta gaya wa Tiya ba, ta bi Totto gonar riɗi inda ta san ita kaɗai ce.

"Me kika ƙona a randata?"

Totto ta miƙe da damin riɗi a hannu. Ba ta yi wasan matar yaya ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Randar ta gaya mini. Ki faɗa mini a nan, ko ki faɗa a gaban yayanki da mijinki da dattawa. Wurin wa kika kai ta?"

"Wurin wa kuma? Me kike nufi?" Ta dubi fuskar Koshe, sai ta gane. Damin ya zame daga hannunta. "Haba Koshe. Ni? Abin da kika ɗauke ni ke nan?"

"Ban ɗauke ki komai ba. Marisata ta mutu, na sha ta a gidanki."

Totto ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da gefen zane. Da ta sauke zanen, ƙasa take kallo.

"Ɓera ne."

"Me?"

"Ɓera ya faɗa ciki ya mutu. Na ɗaga faifai na gan shi ya kumbura. Ki ce in yi yaya? In dawo miki da ita haka? In bari a ji cewa a makokin uban Kunda ɓera aka jiƙa wa mutane? Na kwashe na zubar a bayan gida, na wanke da sabulu da tafasasshen ruwa, na kankare, warin bai fita ba, na ƙona kara a ciki. Kwana biyar ina shanya ta a bayan rumbu. Ko Kunda bai sani ba."

"Da sabulu," in ji Koshe a hankali. Shekara hamsin na uwarta, da sabulu.

"Ban san zai kashe ta ba. Na rantse."

"To wadda na sha a gidanki fa?"

Nan Totto ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ranar da aka kawo randar, kafin in zuba komai, na ɗebi guggubin gindinta cikin ludayi biyu na sa a tawa. Wannan kam na yi, da sanina na yi. Shekara goma sha biyar mijina yana shan ta wasu, Koshe."

Koshe ta tsaya tana kallon ta. Haushi yana nan, amma ba irin wanda ta zo da shi ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani sanyi da ba ta so Totto ta gani. Ashe abin bai mutu ba, yana gidan ɓarauniya.

"Tashi mu je," ta ce. "Ludayi biyu kika ɗiba, huɗu za ki ba ni."

Da kanta ta shiga ɗakin girkin, da kanta ta kwaso daga gindin tukunyar Totto, ta rufe ƙwaryar da ganye ta ɗauka a ka. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ɓeran nan. Kafin a sha ya faɗa, ko bayan an sha?"

"Bayan an sha."

"Totto."

"Bayan an sha mana. Kwana ɗaya da watsewar mutane."

Ta amsa da sauri, kuma hannunta ya sake komawa kan ɗankwali. Koshe ta tuna ƙwarya biyu ta sha a makokin nan, ta rana ta uku ma har ta ce a ranta ta ɗan yi wani iri. Ta gyara ƙwaryar a kanta ta kama hanya.

Ta ɗauraye randar da ruwan dawa sau uku, ta shafe cikinta da guggubin, ta yi sabon haɗi. Kwana biyu tana zagaya ta kamar mai jinya. A safiya ta uku ta ɗaga faifai ta tarar kumfa ta hau har wuya.

Ranar gayya mutum talatin da huɗu suka zo. Kafin rana ta take an kwantar da rabin gona, aka taru a gindin tsamiya, ƙwarya tana zagayawa. Totto ce ke taya ta rabo, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Wani dattijo mai suna Tutu ya sha, ya goge gemu, ya miƙo ƙwarya a ƙara.

"Koshe, ta yi. Kin kusa kamo Totto."

Aka yi dariya, Kunda ya fi kowa. Koshe ta cika masa ƙwaryar har baki ta ce ya sha a hankali, akwai sauran aiki. Tiya ya dubi matarsa, ya dubi ƙanwarsa, ya ɗauki laujensa ya riga kowa komawa cikin dawa.