Kada Ki Dawo

Katung mutumin Kagoro ne, dattijon coci, ba mai yawan magana ba. Shekara ashirin da shida yana aikin haɗa magani a wani asibiti a Washington, gidansa kuma yana garin Clinton, kusa da birnin. 'Yarsa ɗaya ce tak, Abby, kuma rabon da ya sa ta a ido shekara uku ke nan.

Ranar da aka yi masa aikin ido likita ya hana shi tuƙi. Matarsa Constance tana bakin aiki, sai ta kira masa Oumarou, wani direba ɗan Maraɗi da ya saba kai 'yan cocinsu filin jirgi. Suna kan hanyar gida da hantsi, idon Katung ɗaya a rufe da bandeji, sai Oumarou ya ƙara muryar rediyo.

"Baba, saurari wannan. Wallahi akwai Hausa a ciki! Wata biyu ke nan ko'ina ita ake sawa. Fasinjojina suna bin ta, ba su ma san abin da suke faɗi ba."

Kiɗan rok ne, irin wanda Katung yake kira hayaniya. Amma da muryar mace ta shigo, tun kafin ya kama kalma ɗaya ya gane mai ita. Da aka zo amshi ta ajiye Turanci, ta rera da Hausa har sau uku: "Kada ki dawo."

Maganarsa ce. A kicin ya faɗe ta, ranar da Abby ta gaya musu ta bar karatun haɗa magani, saura shekara ɗaya ta gama, za ta bi ƙungiyarsu ta mawaƙa. Ya ce in ta fita da gitar nan, kada ta dawo. Ya ɗauka kwana biyu za ta yi ta huce.

Oumarou ya ce, "Turancina na hanya ne, Baba, ba ya kama waƙa. Me take cewa a sauran?" Bai jira amsa ba ya nemo ta a waya, ya sa daga farko.

Katung ya rasa yadda zai ƙi. "Ta ce mahaifinta yakan tashi da asuba ya goge mata takalmin makaranta." Ya saurara. "Ta ce bai taɓa tambayarta abin da take so ba." Sai baiti na uku ya zo. "Ta ce ranar da ta fita, ta tsaya bakin titi da jakarta minti arba'in, tana jira a buɗe ƙofa."

Wannan bai taɓa sani ba.

Oumarou ya girgiza kai. "Kai, wannan uban bai kyauta ba."

"Ni ne," in ji Katung.

Oumarou ya dube shi ta madubi, ya kashe waƙar. "Ka gafarce ni, Baba. Ban sani ba."

"Ba ka yi laifi ba."

Da Constance ta dawo da yamma ya tare ta da faɗa, wai yarinya ta kwashi asirin gida ta watsa wa duniya. Ta ajiye jakarta, ta ce tun watan Afrilu ta ji waƙar, kowa a coci ya ji, an dai rasa mai gaya masa. Ta ƙara da cewa duk wata tana zuwa wurin Abby a unguwar Takoma Park.

"Kai ka faɗa, Baban Abby, ita ta rera. Nuna mini inda ta yi ƙarya."

Kwana biyu bai yi mata magana ba. A satin hutun da likita ya ba shi ya saurari waƙar ya fi sau talatin. Ranar Asabar ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce ta kai shi wurin Abby.

A garejin wani gida suka sami Abby da abokan waƙarta suna gwajin kiɗa. Abby ta rame, ta aske gefen kanta ɗaya. Tana ganinsa ta ajiye gitar, ta ɗan rusuna, ta ce, "Baba, ina wuni." Abokan nata su uku suka sulale waje. Daga nan shi yana Hausa, ita tana mayarwa da Turanci, kamar yadda suka saba.

"Na ji waƙar."

"Na san za ka ji haushi."

"Na ji, har yanzu bai gama fita ba. Minti arba'in ɗin nan, gaskiya ne, ko don waƙa ta yi daɗi?"

"Ya fi haka. Arba'in ne ya shiga kiɗan."

Katung ya zauna a kan wata kujerar roba. "Ina falo a zaune ranar. Ni ma jira nake ki ƙwanƙwasa. Ko labule ban ɗaga ba." Ya share idonsa mai lafiya. "Ban kyauta ba, Abby."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, Constance kuwa ta juya tana kallon bango.

Ba ta bi su gida ranar ba. Litinin za su tafi zagayen wasanni na wata biyu, amma ta ce Lahadin farko bayan sun dawo za ta zo cin tuwo. Katung ya fara tambaya ko makarantar za ta yarda ta koma ta ƙarasa shekarar nan ɗaya, Constance ta taka masa ƙafa, ya bar maganar. Lizzy, mai buga musu ganga, ta leƙo ta tambaya ko za su iya ci gaba, ta miƙa masa abin toshe kunne. Ya sa, ya zauna har suka yi waƙa biyu.