Farantan Injiniya

Dillali bai gama rufe ƙofar motarsa ba Tela ta tare shi a bakin gida, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Ka tuna abin da na faɗa maka a waya?"

"Na tuna, Anti."

"Idan maigidan ya tambaye ka maganar sola, ka ce ta ƙara wa gidan daraja. Ko ta ƙara ko ba ta ƙara ba, haka za ka ce."

Dillali ya sosa ƙeya, ya waiwayi ɗaya motar, inda mai sayen gidan ke zaune yana waya. "Gaskiya, Anti, abin ya danganta da mai saye. Wani in ya ga sola daɗi yake ji, har ya ɗora wani abu a kai. Wani kuma ko kallonta ba ya yi, wani ma..."

"Ban tambaye ka labarin wani ba. Mijina nake gaya maka."

Mijin nata mai gyaran firji ne. Injiniya ake ce masa a layin, duk da bai taɓa zama ajin injiniya ba, shi kuma sunan ya shiga kansa ya yi kane-kane. Da hannunsa ya ɗora farantan sola a kan rufin gidan, yau ya sayo ɗaya, bayan wata biyu ya ƙaro wani, har suka jeru reras. Duk baƙon da ya zo sai an fitar da shi tsakar gida an nuna masa sama. "Ka ga waɗannan? Ranar da za a sayar da gidan nan, su za su ɗaga shi."

Sai tattabaru suka mayar da farantan wurin kashinsu. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya jingina tsani zai hau ya wanke. Simintin tsakar gida sai santsi yake. Ta ce masa ya dakata ta gama bakin rigar da ke hannunta ta zo ta riƙe masa. Ya ce, "Ke je ki yi ɗinkinki. Yau na fara hawa?" Ta koma kan keken ɗinki. Duk da ƙarar keken, sai da ta ji faɗuwarsa.

Tun daga ranar, daga ƙugunsa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Ɗakunan kwana da banɗaki duk a saman bene suke, don haka falo ya zama ɗakinsa, a ɗan siton da ke bayan kicin take yi masa wanka a kan kujerar roba. Bayanta ya gaji, aljihu ya gaji. Dole a sayar da gidan a nemi na ƙasa mai faɗin ƙofa.

Amma ba wannan ne ke ci mata rai ba. Abin da ke tafasa mata zuciya shi ne, har yau bawan Allahn nan bai taɓa buɗe baki ya ce, "Da na ji maganarki" ba. Ko sau ɗaya! Sai ma dai in masu dubiya sun zo, ya nuna musu fanka tana juyawa ya ce, "To, ko ba komai na bar wa gidan abin da zai ɗaga shi." Da wannan maganar yake kwana, da ita yake tashi. Ita kuwa ta tsani farantan nan kamar ta mutu, ko shanya za ta yi ba ta ɗaga kai. Abin haushi kuma, da wutarsu keken ɗinkinta ke aiki, da su ake cin abinci a gidan.

Mai saye ya fito daga mota, matashi ne mai ƙamshin turare, makullai na kaɗawa a yatsansa. Ya shiga falo ya ɗan rusuna.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana. Zauna mana." Injiniya ya gyara zama a keken guragunsa, yana sanye da sabuwar rigar da ya matsa sai an goge masa tun safe. "Ka ga fankar nan? Ita ba ta san ana ɗauke wuta a garin nan ba. Firji, injin ruwa, keken ɗinkin maman yara, duk daga sama suke sha. Ni na haɗa da hannuna. Baturan ma..."

"Madalla, Baba, madalla," in ji matashin, idonsa na kan silin yana auna tsawonsa.

"Dillali, ai ka gaya masa ko? Irin wannan gidan ba ɗaya yake da sauran ba."

"Ƙwarai, Baba," dillali ya faɗa da sauri, yana kallon takalminsa.

Tela ta saki numfashi, ta ce su hau su ga sama.

Mai saye ya leƙa ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo. A saman matakala akwai taga da ake hango gefen rufi. Nan ya tsaya, ya yatsine fuska.

"Waɗannan tarkacen fa sai an kwashe kafin in karɓi makulli."

"Ka yi a hankali," Tela ta ce ƙasa-ƙasa. "Ana jin magana daga nan."

Ko a jikinsa. Da dillali yake magana, kamar ba ta wurin. "Hawa ɗaya zan ƙara a sama in zuba 'yan haya, me zan yi da su? Tsofaffin yayi ne ma. Dubi kashin tsuntsu, wa ya san ko rabinsu sun mutu. Kuma duk an huhhuda kwanon wajen ɗaure su, aikin 'yan koyo. Gaskiya sai an rage mini wani abu saboda ɓarnar rufin."

"Yallaɓai, mu fita waje mu ƙarasa," in ji dillali, zufa na tsattsafo masa.

"Na ce ka rage murya," Tela ta sake faɗa.

"Haba, Madam, ciniki ne fa. Abin da ba shi da amfani ai ba shi da amfani."

Nan fa zuciya ta ciyo ta. Ba ta san lokacin da ta fizge tef daga wuyanta ta dunƙule shi a hannu ba.

"Tarkace? Aikin 'yan koyo? Kai yaro, ka san da me aka biya su? Mutumin da ka durƙusa wa a ƙasa kana ce masa Baba, da ƙafafunsa ya biya! Daga kan rufin nan ya faɗo, a gaban ƙofar kicin ɗina, ni na ɗago kansa daga siminti. Sai ka shigo da ƙamshin turarenka kana kaɗa makulli, ka ce a rage maka?"

"Anti, don Allah..."

"Rufe mini baki, kai ma! Kuna tsammani sonsu nake yi? Wallahi babu wanda ya kai ni tsanarsu a duniyar nan! Da ina da ƙarfi da tuni na hau na farfasa su da taɓarya. Na ce masa ya jira in riƙe masa tsani, minti nawa ne? Ya ƙi! Taurin kai, shi Injiniya, shi ya fi kowa sani! Yanzu ga shi nan, ni ce ɗagawa, ni ce wanka, ni ce juyi, shi kuma yana zaune yana yi wa baƙi wa'azin sola. Har ƙarya nake roƙon mutane su yi masa don kada ya ji cewa a banza ya..."

Sai ta tsaya. Muryarta ce ta dawo mata daga bangon matakala. Mai saye dai magana ya yi, ita kuwa ihu ta yi, a wurin da ta san ko tari ka yi ana ji a falo.

Daga falo ana jiyo ƙarar fanka.

"Ban sani ba, Madam," matashin ya ce, makullan sun daina kaɗawa. "Wallahi ban sani ba."

Ba ta kula shi ba. Ta dafa bango ta fara sauka.

Injiniya ya turo kekensa har gindin matakala. Hannayensa na kan tayoyi, kwalar sabuwar rigar ta karkace. Ta jira ya yi faɗa, ta ma fi so ya yi, don har yanzu da sauran wuta a cikinta. Bai dube ta ba, bayanta ya duba.

"Dillali."

"Na'am, Baba."

"Ba su ƙara komai ba ko?"

Dillali ya kalli Tela. Ta kau da kai.

"A wurin wani za su iya ƙarawa, Baba. A wurin wannan dai, a'a."

"Akwai wanin a hannu?"

"Babu, Baba. Shi kaɗai ya taya."

Injiniya ya gyaɗa kai a hankali. Ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa a samansa.

"To, a sayar masa. A kwance su. Amma ba za a rage ko sisi ba, rufin nan bai taɓa ɗiga ba."

"Na yarda, Baba," mai saye ya faɗa tun daga sama.

Suka sauko suka raɓa ta gefen keken suka fice sumui-sumui. Tela ta tsaya a matakalar ƙarshe, tef ɗin na dunƙule a hannunta. Ta miƙa ɗaya hannun ta gyara masa kwala, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Maman yara."

"Mene ne kuma?"

"Ranar da za a zo kwancewa," ya ce, har yanzu bai ɗago ya dube ta ba, "duk wanda zai hau, ki ajiye ɗinkin ki riƙe masa tsanin. Ko ya ce ba ya so."