Tarin Fankar Inna

Injiniya ba injiniya ba ne. Magani yake sayarwa a wani kanti, matarsa ce ta laƙaba masa sunan don tsokana, sunan kuma ya bi shi. Ɗakin ajiyar da ke bayan kicin ya mayar wajen aikinsa, ya cika shi da tsofaffin rediyo da duwatsun guga da injinan markaɗe waɗanda masu su suka daɗe da fid da rai. Duk ranar hutu a nan yake wuni. In ya ga abu ya yi tsatsa hannunsa ƙaiƙayi yake yi, ba ya samun sukuni sai ya kwance shi, ya wanke, ya mayar da shi kamar yau aka fito da shi daga kwali.

Da tsufa ya fara taɓa tunanin mahaifiyarsa, suka ɗauko ta ta dawo gidansu. Inna ta baro kusan komai, amma ta kafe sai an taho da fankarta. Fankar tebur ce mai nauyin tsiya, fentinta ya koɗe, ragarta ta lotse. Duk sanda ta juya kai ta kai ƙarshen hagu sai ta ɗan tsaya, ta yi ƙas-ƙas, sannan ta dawo. Inna tana kiran wannan tari. Takan manta ɗakin da take, wani lokaci har ta manta ta ci abinci, amma da an kunna fankar ta yi tarinta sai ta miƙe ƙafa a gado ta yi barcin ranarta.

Shi kuwa Injiniya, wannan ƙas-ƙas ɗin har cikin haƙoransa yake jin sa.

"Haƙorin giyar da ke juya kan ne ya cinye," ya ce da matarsa. "Aikin wuni ɗaya ne."

"Injiniya, ka rabu da fankar nan. Ba ta kawo maka ƙara ba."

Ya yi dariya, ta ɗauka maganar ta wuce. Ranar da ta kai Inna asibiti duba ido, ya ɗauke fankar ya shige ɗakinsa. Kai, ya yi aiki. Ya sauya giya, ya wanke busasshen giris da kananzir, ya sa sabon bushi, wato zoben da sandar injin ke juyawa a ciki, ya miƙe ragar da filaya, ya goge jikin ya fesa fenti. Da ya kunna ta, sai iska kawai, ko motsinta ba a ji. Ya tsaya yana kallonta yana jin daɗin kansa.

Inna ta dawo a gajiye. Aka kwantar da ita, ya kunna mata fankar, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran yabo. Ta kasa kunne. Fankar ta juya hagu, ta dawo shiru. Ta sake juyawa. Inna ta tashi zaune tana laluben mayafinta.

"Ku mayar da ni gida."

"Inna, ai gida kike. Ga fankarki nan, gyara ta na yi."

"Wannan ta mutane ce. Kada a ce mun taɓa musu kaya."

Tun daga ranar Inna ta daina barcin rana, abinci ma sai da lallashi. Takan ɗaure kayanta a zani ta zauna bakin gado tana jiran mota. Ran nan aka tsince ta a bakin titi ba takalmi. Matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, shirun nata kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Ya koma ɗakin aiki. Da yake ba ya yar da komai, tsohuwar giyar na nan a gwangwani. Ya mayar da ita. Fankar ta ɗan yi gargada, amma tari bai fito ba. Ya mayar da tsohon bushi, ta kama gurnani. Ya danna ragar da gwiwa ya lotsa ta, fiffike ya riƙa kartar ta kamar ana kankare tukunya. A nan ya gane tarin ba na giya kaɗai ba ne. Busasshen giris ɗin da ya wanke yana ciki, da lotsewar da ya miƙe, da sakin notin da shekaru suka yi a hankali. Ya iya gyara, amma bai san yadda ake mayar da abu ga lalacewarsa ba. Tsoro ya kama shi sosai.

Wata rana da tsakar rana ya tarar da Inna a tsaye rungume da ƙunshinta, matarsa ta tare ƙofa tana ba ta haƙuri. Sukundireba na hannunsa. Bai san sanda ya kunna fankar ya zauna a ƙasa bayan teburin ba. Da kan ya kai ƙarshen hagu, ya ƙwanƙwasa ragar da ƙotar. Ƙas-ƙas.

Inna ta juyo.

"Ta yi sauri," ta ce.

Ya jira zagaye na gaba, ya ɗan jinkirta, ya sassauta hannu. Ta tsaya tana saurare. A hankali ta ajiye ƙunshin, ta zauna, ta miƙe ƙafa a gado. Matarsa ta jingina da bango ta rufe baki da hannu.

"Yauwa, ga ta nan," Inna ta ce, idonta a lumshe. "Sannu, mai gyara. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Inna."

"In ka gama ka ɓoye min ita. Ina da wani ɗa, kada ka bari ya gan ta."

Ya gyara riƙon sukundireban. Kafaɗarsa ta fara sagewa, kan fankar kuma ya riga ya kamo hanyar hagu.